Tafiyata gonakin Jazira da garin Mai Wurno

Aiki ne ya kai ni Sudan a watan Janairun 2023. Wani kamfanin masu bincike da ba da shawara kan noman rani ya saka ni cikin ayarinsa, saboda ina jin ɗan Larabci, kuma na daɗe ina aiki da manoman Kadawa da Kura. Abin da aka ɗora mana shi ne mu zaga gonakin Jazira, mu ji ta bakin jama'a kan ruwa da lafiya da abin da ke shiga aljihunsu, sannan mu rubuta shawarar gyaran da zai ɗore.

A Kartum takardar izinin fita gari kawai muka jira. Muka hau bas a tashar Mina al-Barri zuwa Wad Madani, tafiyar kusan kilomita 190. A wani shingen bincike jami'i ya karɓi fasfona, da ya ga na Nijeriya ne sai ya wurga shi kan tebur ya ci gaba da shan shayinsa. Fasinja duk suna zaune suna jirana. Na yi magana, ya ɗaga min hannu ko kallona bai yi ba. Sai da wani dattijo mai farin rawani ya sauko daga mota ya ce masa, "Baƙo ne fa, ka ji kunya," sannan ya turo min. Dattijon nan bai san ni ba, amma da muka sauka a Madani ya rantse ba zan biya kuɗin ful, wato dafaffen wakensu, da burodin da muka ci ba. Haka na iske yawancin mutanen ƙasar. Ko a bakin titi za ka ga an jera randuna a inuwa, mai wucewa ya sha kyauta. A wurinmu ruwan leda ma sai da kuɗinka.

Jazira kuwa sai wanda ya gani. Fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, baƙar ƙasa iya ganinka. Turawan Ingila suka buɗe shi a 1925, shekarar da aka gama madatsar Sennar a kan Shuɗin Nilu, don masaƙunsu su sami auduga. A 1950 ya koma hannun gwamnati. Idan aka haɗa da ƙarin Managil ya haura faddan miliyan 2, wato wajen hekta 880,000. Mu da muke alfahari da Kadawa, hekta 22,000 aka tsara wa kashin farko. Kuma duk girman nan ba inji ke tura ruwan ba, gangara ce kawai: daga babban kanal zuwa ƙarami, daga nan zuwa wanda suke kira abu ishirin, sannan abu sitta ya shiga gona. Na tsaya ina kallon alkama kore shar, raina ya yi fari.

Amma da muka bi kanal ɗin zuwa ƙarshensa sai labari ya sha bamban. Lakar da Shuɗin Nilu ke kwasowa daga duwatsun Habasha kowace damina ta cika magudanan, ciyawa ta tsiro a kai. Manomin da ke kusa da baki ruwa har ya yi masa yawa, na ƙurya kuma alkamarsa ta yi ja. Irin kukan da mutanen Hadejiya ke yi da kacala ke nan. Manoma da dama sun ce mana tun da aka yi dokar 2005, wadda ta sakar musu mara su shuka abin da suke so, yashe kanal ya rasa mai shi tsayayye. Wasu kuma suka ce gara yanzu, domin a da auduga dole ce ko ka ci riba ko ka faɗi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne kambo. Haka ake kiran ƙananan unguwannin 'yan ƙwadago da ke gefen kanal, mutanen Darfur da Kordofan da 'yan uwanmu Hausawa da Barebari da Fulani. Na yi sallama a ƙofar wata bukka da Larabci, wani tsoho ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai Bahaushe ne?" Na durƙusa na ce, "Daga Kano nake, Baba." Nan take ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo jabana, wato gahawarsu, mai citta. Ya ce kakansa da ƙafa ya baro ƙasar Katsina da niyyar Makka, ya tsaya tsintar auduga don ya tara guzuri, Allah bai nufa ya ƙarasa ba. Su jikoki a nan aka haife su, a nan suka tsufa, amma ko ƙasar da bukkar take kai ba tasu ba ce. Ba famfo, ba asibiti, makaranta sai yaro ya taka zuwa ƙauyen masu gona. Matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, ka rubuta ruwa. Daga kanal ɗin nan muke sha, a ciki muke wanki, a ciki yara ke wanka, shi ya sa tsargiya ba ta barinsu." Tun 1979 aka taɓa yin babban shirin yaƙi da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro a yankin, ya yi tasiri, da kuɗin ya ƙare sauro ya dawo.

To ga takardar tambayoyin da aka ba mu, tambayar farko ita ce faddan nawa ne hawasharka, wato gonar da aka yanka maka. Wanda ba shi da hawasha ba shi da gurbi. Ke nan masu shuka da masu cire ciyawa da masu tsintar audugar ba za su fito a lissafi ba. Da dare na tayar da maganar a masauki. Shugaban ayarinmu ya ce ba ta cikin yarjejeniyar aikin. Na ce ranka ya daɗe, idan muka yashe kanal a takarda muka bar masu sha daga cikinsa, jin daɗin wace al'umma muka zo aunawa? Muka ja sosai. Wata malama 'yar Madani da ke cikinmu ta goyi bayana, a ƙarshe aka amince a ƙara shafi guda.

Daga Sennar muka gangara kudu kaɗan zuwa Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa da sauran masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A kasuwa Hausa kake ji, gauraye da Larabci, ga agashe yana ƙamshi, ƙuli-ƙulinsa kamar na gida. Wani Alhaji ya sauke ni, ya hana ni kwana a otal, uwargidansa ta yi min tuwon dawa ta ce kisra, wato siririyar gurasarsu, ba za ta riƙe cikin Bakano ba. A gidan na iske iyalai da suka gudo daga wajen Rusairis bayan rikicin Yulin 2022, inda aka kashe mutane da yawa kan maganar ƙasa da sarauta. Ba wanda ya ce da su yaushe za su tafi.

Tsada dai ta yi yawa. Kuɗinsu ba ya da auki, mai raksha, wato ɗan adaidaita sahu, zai faɗi farashi da safe ya canza da yamma. Na taya jallabiya, mai shago ya tsuga kuɗi, da ya ji Hausata sai ya rage kusan rabi, ya ƙara min da hula.

Damazin, babban garin jihar Shuɗin Nilu, ba a ba mu izinin zuwa ba. Gadarif muka leƙa, riɗi da dawa buhu kan buhu, daga nan sai Kartum, sai jirgi. Rahoton ƙarshen watan da ya biyo baya aka tsara za mu miƙa, kuma shafin kambo ni aka bar wa rubutawa.