Saƙon Godiya Bayan Kare Kundin Digirina Na Biyu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda da ikonsa na kare kundin digirina na biyu a nan Kaduna, a kan yadda ƙwayar yis, wannan da masu gidan burodi ke zubawa a kwaɓi, take isar da furotin zuwa bakiyol, jakar da ke cikinta inda ake narkar da abin da ya tsufa, a kuma adana abin da za a nema gaba.

Babbar godiyata ga Malam, mai duba aikina, Allah Ya ƙara masa lafiya, domin ya ƙi yarda da haddar sunaye, ya dage sai na bi kowace hanya daki-daki. A hannunsa na fahimci cewa enzayim ɗin da ake kira CPY, wato furotin mai narkar da wasu furotin a bakiyol, yakan isa Golgi, sashen ƙwaya da ke tantance furotin ya tura kowanne inda za shi, a can wani furotin mai suna Vps10 ya gane alamar da ke jikinsa, ya raka shi zuwa endosom, wani zango a kan hanyar bakiyol, ya sauke shi, sannan a mayar da Vps10 baya ya ɗauko wani, tamkar motar da ta sauke kaya ta koma tashar Kawo sabon lodi. Idan hanyar ta lalace, sai ƙwayar ta watso CPY waje, kuma da wannan alamar ce ɗakunan binciken Scott Emr da Tom Stevens a Amurka suka gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da aikin a shekarun 1980. Shi kuwa enzayim ɗin Ape1 ko Golgi ba ya bi. Ana lulluɓe shi ne a kai shi bakiyol da irin tsarin da ƙwaya ke cin sassan jikinta, wanda Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel a kansa a 2016.

Ina godiya ga farfesan da aka gayyato daga waje, wanda ya tambaye ni amfanin nazarin yis ga ɗan Adam. A ganina ita ce tambayar da ta fi cancanta, domin bakiyol takwarar laisosom ce, jakar da ke irin wannan aikin narkarwa a ƙwayoyin jikinmu, kuma Vps35, da ke taimakawa wajen mayar da Vps10, yana da ɗan'uwa a jikinmu wanda aka danganta tangarɗarsa da wani nau'in cutar Parkinson.

Ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda suka kula da samfurorina lokutan ɗaukewar wuta, ba ni da abin biyanku. Mama, yayyena da abokan karatu, Allah Ya saka muku da alheri, Ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya.