Kiran da na yi kafin mu aika takarda

Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta mata masu turara shinkafa, a wani ƙauye na yankin Auyo. Bayan ambaliyar 2022 da ta cinye gonakin bakin kogin Haɗeja, muka ce bari mu nemi tallafi mu sayi injin casa, mu huta da kai shanshera gari.

Karon farko mun haɗa kuɗi muka ba wani yaro mai kwamfuta a Haɗeja ya rubuto mana takarda da Turanci mai nauyi, muka aika. Shiru kake ji. Wata huɗu babu ko "mun gani".

Da wata sanarwar ba da tallafi ta fito, shugabarmu ta ce in kira lambar da ke ƙasa. Na yi ta jan ƙafa, ina tsoron kada a ce hanya muke nema ta bayan fage. Da na daure na kira, tambayata ta farko ma ta ba ni kunya, don matar da ta ɗauki wayar cewa ta yi, "Hajiya, wannan ai yana shafi na biyu." Na ba ta haƙuri, na koma na karanta sanarwar tsaf, washegari na sake kira da tambayoyi uku a rubuce.

A nan ne na ji abin da ba a buga ba. Ta ce su kan ba da kuɗin horo da ƙananan kayan aiki, amma inji babba sai ƙungiyar da ta nuna wanda zai gyara shi in ya lalace da inda kuɗin mai zai fito. Ta tambaya ko asusun bankinmu da sunan ƙungiya yake. A lokacin da sunan shugaba yake. Ashe da wannan kaɗai za a iya ajiye takardarmu gefe.

Ba ta yi mana alkawarin komai ba, kuma ban ga laifinta ba. Wasu masu tallafin ma ba sa amsa waya, sai dai ka rubuta tambayarka su amsa wa kowa a fili.

Muka cire injin, muka nemi tukwanen turare masu marfi da tamfol na shanya, muka buɗe asusu da sa hannun mutum biyu. An ba mu. Injin casa kuwa har yau a kan adashenmu yake, saura zubi shida.