Yadda muka kwashe littattafanmu daga bayan ɗakin karatu

Shekara shida muka yi muna sayar da tsofaffin littattafai a wani ɗan ɗaki da ke bayan ɗakin karatu na jama'a a nan Birnin Kebbi, sai a makon jiya muka share shi, muka miƙa makulli. Mu 'yan sa-kai ne, mutum 11, yawancinmu malaman makaranta, sai dattawa biyu da suka yi ritaya daga aikin gwamnati, da wata Hajiya mai sayar da atamfa wadda kuɗinmu ke hannunta. Abin da muke yi shi ne karɓar littattafan da mutane suka gama da su, mu kakkaɓe musu ƙura, mu liƙe wanda bangonsa ya rabu, mu sayar da araha duk ranar Asabar, ɗan abin da aka samu kuma mu saya wa ɗakin karatun jaridu da ƙwan fitila, ko mu biya mai gyaran fanka.

Ba korarmu aka yi ba. Masu kula da wurin sun samu kwamfutoci, suna bukatar ɗakin da za su girka su, kuma sun ba mu wa'adin wata uku cikin mutunci. Mu ma mun san zaman ya ƙare, domin a daminar bara kwanon ya yi yoyo ta kusurwar gabas, ruwa ya bi bango ya jiƙa kwalaye huɗu kafin wani ya lura.

Inda muka fi daɗewa muna muhawara shi ne wurin da za mu koma. Wasu sun so mu kama shago kusa da babbar kasuwa saboda yawan masu wucewa. Wasu suka ce mu matsa wajen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, inda ɗalibai ke da bukatar littafi kuma suna da ɗan abin saye, har aka kawo maganar ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, waɗanda ke can wajen Kalgo. Ni kaina da farko wannan ra'ayin na bi, domin lissafinsa a fili yake. Abin da ya sauya mini tunani shi ne rajistar ciniki da nake riƙe da ita a matsayina na magatakarda. Na zauna dare biyu ina bin ta shafi bayan shafi, sai na ga waɗanda suka riƙe mu shekarun nan ba masu mota ba ne, ba ma masu babur ba. 'Yan sakandare ne da ke neman littafin Lissafi ko Turanci kafin jarrabawar WAEC da NECO, da iyaye mata da ke turo yaro da kuɗi a ƙulle a leda, da 'yan mata da aka yarda su zo saboda wurin yana cikin shiyarsu kuma an san waɗanda ke zaune a ciki. Duk waɗannan da ƙafa suke zuwa. Idan muka koma inda sai an hau Keke Napep, kuɗin zuwa da dawowa zai kai kuɗin littafin ko ya fi shi, yarinyar da ake bari ta leƙo bayan la'asar kuwa ba za a bar ta ta tsallaka gari ba.

Da na karanta musu wannan a zamanmu, ɗaya daga cikin dattawan, wanda tsohon hedimasta ne, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, in haka ne ga zaurena nan, tun da yara suka watse ba mai zama cikinsa sai ni." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, amma littafi yana da nauyi, kuma yana jawo jama'a, kada mu hana ka sakewa a gidanka." Ya ce jama'ar yake so. Gidan nasa bai fi tafiyar minti biyar daga ɗakin karatun ba, kuma a kan haka muka tsaya.

Zaure kuwa yana da tasa matsalar, wadda duk mai ajiye takarda a ƙasar nan ya sani. Daɓen ƙasa ne, gara kuma ba ta jin tausayin littafi. Takan shigo ta ƙasan kwali ta cinye tsakiyar shafuka, bangon yana nan lafiya, ba za ka sani ba sai ka ɗaga. Don haka kafin mu kawo ko takarda ɗaya sai da muka sa aka yi daɓen siminti, kafinta ya ɗaga kantoci kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya shafe ƙafafunsu da baƙin mai, muka kuma bar rata tsakaninsu da bango domin iska ta riƙa ratsawa. Zafin bazara a Kebbi, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da gam ɗin da ke riƙe da bayan littafi har shafuka su riƙa zubowa, shi ya sa muka nemi a yi silin ko da na tabarma ne. Kuɗin wannan gyara ya cinye kusan duk abin da muka tara, kuma ban yi da-na-sani ba.

Aikin da ya fi taɓa ni shi ne tantancewa. Hajiya ce ta kafe a kan cewa ba za mu biya a-kori-kura ya ɗauki abin da ba mai saye ba, kuma gaskiyarta ne. Mun tarar da tulin littattafan adabin Turanci da aka daina yi a jarrabawa, domin WAEC na sauya jerin littattafanta duk bayan shekara biyar, da zarar an sauya kuwa tsofaffin sai su kwanta. A gefe guda, littattafan Tarihi da suka yi shekaru ba mai tambayarsu, tun lokacin da aka cire darasin daga manhajar ƙananan makarantu, yanzu da aka dawo da shi malamai ke nemansu ruwa a jallo, sai muka ware musu kanta guda. A ƙasan wani buhu muka ci karo da littattafai masu hatimin Jihar Arewa Maso Yamma, wadda ta wanzu daga 1967 zuwa 1976, da wasu masu hatimin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a fitar da Kebbi daga cikinta a 1991. Waɗannan ba mu sa musu farashi ba, domin duk abin da ke ɗauke da hatimin hukuma ba namu ba ne balle mu sayar. Mun mayar wa ɗakin karatun.

Sai maganar ragowar da suka lalace. A al'ada irin wannan takarda hannun masu ƙosai da masu tsire take ƙarewa, kuma wani ya zo ya yi mana tayi a kan kilo. Mun yarda mu sayar masa da tsofaffin mujallu da takardun tambayoyin jarrabawa, amma sai da muka yi kwana uku a kan tabarma muna buɗe kowane littafi, saboda ayoyin Alƙur'ani da hadisai ba a littattafan Larabci kaɗai suke ba, suna cikin littattafan darasin addini na firamare, suna ma cikin wasu na Hausa da ba za ka yi zato ba. Duk shafin da ke da aya muka ware, muka kai wa limamin shiyar ya yi da su yadda ya dace. A cikin kayan da iyalan wani malami suka kawo bayan rasuwarsa muka samu juzu'i biyu na Diya'ut Ta'wil, tafsirin Malam Abdullahi Fodiyo na Gwandu, tare da wata gafaka mai ɗauke da warƙoƙin rubutun hannu. Iyalan ba su san suna ciki ba. Baba hedimasta da kansa ya mayar musu da gafakar, ya roƙe su kada su sake fitar da ita cikin tarkace, su kuma suka ce a bar tafsirin a ɗakin karatu sadaka ga mamacin.

Kwasar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. Sawu uku na a-kori-kura, da samari masu baro, da ɗalibaina da suka zo ba tare da na kira su ba, kafin azahar an gama. Darasi ɗaya da muka koya tun a sawun farko shi ne kada a cika babban kwali da littafi, domin gindinsa zai ɓalle. Ƙananan kwalayen taliya su ne daidai.

Hajiya ta kawo wata magana da mu maza ba mu hango ba. Ta ce matan aure da yawa ba za su ratsa zauren da maza ke zaune ba, ko da sun san mai gidan, kuma safiyar Asabar da muka saba buɗewa ta ci karo da lokacin Islamiyya ga yara da dama. Ta ɗauki nauyin zama duk ranar Alhamis da yamma, ita da wata malama, ranar da ba a zuwa Islamiyya, mu kuma mu ƙaurace wa wurin. Alhamis ɗin farko ta wuce shekaranjiya. Da na karɓi rajista na ga sunayen da ban taɓa rubutawa ba a shekara shida, yawancinsu littattafan koyon karatu na yara suka saya, wata kuma ta bar saƙon a nemo mata ƙamus na Hausa da Turanci, wanda a yanzu ba mu da ko ɗaya, amma na riga na soma tambaya a wajen abokan aikina.