Fim ɗin Inka da na fassara ban bincika ba

Ni sana'ata fassarar finafinai ce, galibi na Indiya muke yi, to rannan oga ya miƙo min filas ya ce ga wani tsohon fim ɗin Turawa na shekarun 1960, Jamusawa ne suka yi shi da haɗin gwiwar Italiya da Sifen, kan taskar zinaren mutanen Inka na Kudancin Amurka. Daga littafin wani marubuci Bajamushe, Karl May, aka ciro labarin, jarumin kuma Ba'amurke ne, Guy Madison. Na maƙala hedifon na zauna gaban makirfo, duk inda ɗan Inka ya fito sai in ba shi muryar boka, ina ta kiransu mutanen daji, yaran shago na ta dariya ni kuma ina jin na yi aiki.

Ƙanwata mai karanta tarihi ce ta kalla a gida, ta ce Yaya wa ya ce maka 'yan daji ne? Na ce fim ɗin mana. Ta ce ai mai littafin har ya mutu a 1912 bai taɓa taka Kudancin Amurka ba.

Wallahi daren nan a karatu datata ta ƙare. Ashe daula ce guda, fadarsu na Kusko cikin Peru ta yanzu, ga hanyoyi na dubban kilomita sun ratsa duwatsun Andis, 'yan aike na gudu wannan ya miƙa wa wancan saƙo. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kipu, igiyoyi ne da ake yi wa ƙulli-ƙulli, da su suke lissafin jama'a da abin da ke cikin rumbunan sarki, dankali ma busar da shi suke da sanyin dare da zafin rana ya yi shekaru bai lalace ba.

Zinaren da fim ya ishe mu da shi kuwa, a 1532 wani jagoran mayaƙan Sifen mai suna Fizaro da mutanensa da ba su kai 200 ba suka kama sarki Atahuwalpa a Kahamarka, ya tara musu zinare cikin ɗaki don fansar kansa, suka karɓe suka narkar, 1533 suka kashe shi. Jikokin mutanen nan miliyoyi ne, har yau suna jin yarensu Kecuwa, su ne na mayar abin dariya da bakina.

Na roƙi oga mu sake ɗauka, ya ce babu lokaci, sai na riƙa tsayawa bayan isha'i kwana uku ina gyarawa kyauta, na cire "mutanen daji" duk inda take, na ba dattijonsu murya irin ta mai sarauta. Yanzu ƙaramin littafi nake ajiyewa gefen makirfo, duk sunan gari ko ƙabilar da ban sani ba sai na duba kafin in danna rikodin.