Wasiƙa daga Holand: ina gyartai ya shiga?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, iyaye da yayye da ƙanne. Ina fata kuna lafiya, ya kuma haƙuri da wannan tsadar rayuwa? Allah Ya kawo mana sauƙi.

Maganar da ta daɗe tana cina ita ce ta tsimi da tanadi irin na kakanninmu. Amma ba da wanda ya rasa na cefanen yau nake ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, akwai gidajen da ba a ɗora tukunya sau biyu a rana, kuma duk wanda ya ce wa mutanen irin wannan gida su yi tsimi ya ci zalinsu. Da mu nake, masu albashi da 'yan kasuwa da mu na waje, waɗanda Allah Ya rufa wa asiri, muka kuma ɗauka cewa alamar rufin asirin ita ce a zubar.

A wannan ƙasa, wadda tana cikin masu arzikin Turai, akwai wani taro da ake kira Repair Café. Wata 'yar jarida mai suna Martine Postma ce ta fara shi a Amstadam a 2009, yanzu kuma ya bazu ƙasashe da dama. Mutanen unguwa kan haɗu a wani ɗaki, kowa da abinsa da ya lalace: rediyo, dutsen guga, keke, wando mai yagaggen aljihu. Masu sanin gyara, galibinsu tsofaffi, sai su zauna da kai a gyara tare, ba ko sisi. Za ka ga mai digiri ya rungumo butar dafa shayi yana jiran layi, ba kunya ba ɓoyo. Abin da ya zo mini a rai da na ga haka shi ne gyartai, mutumin da yake bi gida-gida yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya, yana toshe kwanon da ya huje. Mu mun mai da sana'arsa abin zolaya har ta kusa ɓacewa, su kuwa nan sai da suka kafa ƙungiya don dawo da irinta.

Tsimin mutanen nan yana da tushe. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa biranen yammacin ƙasar, kimanin mutum 20,000 yunwa da sanyi suka kashe. Har albasar furen tulif mutane suka dafa suka ci. Yaran wancan lokaci su ne tsofaffin yau, kuma abin bai bar su ba. A ɗakin girkin wasu za ka tarar da wani ɗan sanda mai leɓen roba a baki, aikinsa kawai kankare abin da ya maƙale a gindin kwalba. Gwamnati ma ta shigar da ɗabi'ar cikin doka: ƙaramar robar lemo tana da kuɗin ajiya santi 15 na kuɗin Yuro tun 2021, gwangwani kuma tun 2023, sai ka mayar a ba ka kuɗinka. Da farashin gas ya haura a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, hukuma ta roƙi jama'a su rage ɗumin ɗaki zuwa digiri 19, su taƙaita wanka zuwa minti biyar, mutane da yawa kuma suka bi.

Mu ma ai muna da namu tushen. Kakannin kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973. Abin da suka koya daga nan ilimi ne cikakke, ko da yake babu wanda ya rubuta shi a allo. Sun san geron da aka zuba a rumbu da zangarniyarsa ya fi sussukakke daɗewa, shi ya sa ake ɗibar dami ɗaya-ɗaya gwargwadon bukata. Maigida na kirki ba ya taɓa iri ko da gidan zai kwana da kunu, domin wanda ya ci irinsa ya ci damina mai zuwa.

Ku dubi tafiyar hatsi kwano ɗaya a hannun kakata, Allah Ya jiƙanta. In an yi surfe, dusa ta tumaki ce. Ƙasarin da aka wanke tsaba da shi na akuya ne. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe, kuma har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba. Ƙanzon gindin tukunya a ɓamɓare a shanya, ranar da aka bushe a jiƙa shi a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Tokar murhu a tace a sami ruwan toka na miya. Kara ya tafi danga ko ya koma makamashi. Gyaɗa kuwa ba a zubar da komai nata: mai, tunkuza, ƙuli-ƙuli, harawa ga dabbobi. Zane in ya tsufa ya zama majanyi, daga nan gammo, daga nan tsumman goge-goge. Da kaka ta yi, rufin ɗaki da tsakar gida cike suke da shanyar kuɓewa da kuka da barkono da yakuwa. Ga asusun ƙasa a bayan gado, ga zubin adashi ranar kasuwa, ga 'yar akuya da ake sayarwa in ciwo ko biki ya taso.

Duk da haka ban taɓa ganin almajiri ya bar ƙofar gidan nan da kwano wayam ba, baƙo kuma bai taɓa kwana da yunwa ba. Wannan ne abin da nake so matasanmu su gane, domin da yawa sun ɗauka tsimi ɗan uwan rowa ne. Marowaci yana tarawa ne ya hana. Ita kuwa kakata tana tattalawa ne don ranar da maƙwabciya za ta aiko yarinya da ƙoƙo ta samu abin zuba mata. Da abin da ba ta zubar ba take kyauta.

Ban ce komai na da daidai ne ba. Wahalar daka da surfe da ɗiban ruwa a kan mata ta faɗa, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar injin niƙa a koma turmi. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna ma zubar da ita ya kamata, tana illa ga hanta. Sai dai wani abin da muka sauya bai fi na da ba. Tsofaffi da toka ko yashi ko barkono suke adana wake. Mu muka koma zuba masa maganin ƙwari, har Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan guba. Mu da ke nan mun ga hanin da idonmu, amma ku da ke gida ku ne kuke cin waken, wannan ya fi damuna. Alhali ga buhun PICS mai ruɓi uku da ke toshe iska ya kashe ƙwarin ba tare da magani ba.

Wanda kuma ya girmama ilimin tsofaffi ya ga amfaninsa. Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya ɗauki hikimar randa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, ba wuta ba firji. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex a kan haka. Gidaje nawa ne a Kano ko Maraɗi suke da wannan tukunya yau, duk da wutar lantarkin da ba ta zama?

Roƙona gare ku, musamman 'yan uwana mata: waɗanda suka san waɗannan abubuwa suna nan da ransu a ɗakunan bayan gidajenmu, kuma kullum raguwa suke. Ku zauna da su ku tambaya. Yaya ake kaɗa daddawa, yaya ake soya man shanu ya yi watanni, wane ganye ake shanyawa a inuwa, wanne a rana. Ku ɗauki muryarsu a waya, ku sa 'ya'yanku maza da mata su gani da idonsu. Idan rani ya yi, tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwa har ana barinsa a bakin titi, ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku sayi kwando, ku yanka ku shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta, ku ajiye wa damina lokacin da farashinsa ke tashi. Masu shirin biki kuma, a auna tukunya da yawan baƙi, a kuma san tun kafin a ɗora gidan da ragowar za ta je.

A gaishe mini da tsofaffi, a ce ina neman addu'arsu.

Taku,
'yar uwarku a Holand