Layi ɗaya ya fito, na ce wa ɗansa ba zuciya ba ce

Wata uku ke nan da faruwar abin amma har yau in na farke ledar kaset ɗin turoponin, gwajin jinin da ke nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni, sai gabana ya faɗi. A lab ɗin wani asibitin kuɗi nake aiki a nan Kano, shekarata shida a aikin, kuma ranar ni kaɗai ne a dutin dare.

Wajen sha ɗayan dare aka kawo wani dattijo mai ciwon suga, yana ta zufa yana cewa kamar an ɗora mai dutse a ƙirji, iyalansa kuwa duk sun tafi a kan olsarsa ce ta tashi. Likita ya rubuta turoponin, kafin ya yi wani abu aka kira shi ɗakin haihuwa, ko ECG, gwajin zuciya da na'ura, ba a kai ga yi ba. Na ɗebi jini na juya shi a inji na ɗiga a kaset, na jira minti 15 kamar yadda takardar kit ɗin ta ce. Layin C mai nuna kit ɗin na aiki ya fito raɗau, wajen T mai nuna akwai turoponin fari fat. Hannuna bai yi kuskure ba, kit ɗin bai lalace ba, bakina ne ya jawo.

Ɗansa na tsaye a taga ya ce, "Likita don Allah yaya jikin Baba, zuciyar ce?" Ni kuma tausayinsa ya kama ni na ce, "Kwantar da hankalinka, alhamdu lillahi ba zuciya ba ce." Shi ke nan fa. Ba su jira likita ba, suka biya kemis suka sai maganin olsa suka tafi gida.

Abin da ke ƙona min rai shi ne na san karatun nan, an koya mana. Turoponin a cikin tsokar zuciya yake, sai tsokar ta ji rauni yake zubowa cikin jini, kuma ba nan take yake taruwa ba, irin wannan kit ɗin yakan ɗauki awa 3 zuwa 6 daga fara ciwo kafin ya gan shi. Sinadaran garkuwa ne aka shafa a jikin 'yar takardar da ke cikin kaset ɗin, su ke cafke shi, in bai kai adadin da za su nuna ba layi ba zai fito ba ko da zuciyar na cikin wani hali, namu 0.5 ng/mL aka rubuta. Baban nan wajen tara da rabi ciwon ya fara mai. Awa ɗaya da rabi kacal, kuma ban tambaya ba. Tambaya ɗaya ce wallahi, "Baba tun yaushe ya fara?"

Ana kiran assalatu suka dawo da shi ranga-ranga. Na sake ɗibar jini, ko minti biyar ba a yi ba layin T ya fito jajir, hannuna har rawa yake. Aka yi ECG aka ba shi asfirin ya tauna aka wuce da shi asibitin koyarwa. Allah ya sa da sauran kwana ya tashi, amma awa shida ɗin nan da ya yi a gida tsokar zuciyarsa na mutuwa, ni na san daga bakina suka fito.

Da safe shugabar lab ɗinmu ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Kai sakamako aka ce ka fitar, wa ya sa ka fassara?" Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Yanzu duk wanda aka turo min turoponin sai na rubuta lokacin da ciwo ya fara da lokacin da na ɗebi jini a jikin fom, in babu layi kuma na rubuta da jan biro a maimaita bayan awa 3 zuwa 6. Akwai kit mai haɗe uku, turoponin da mayogulobin da CK-MB, su ma sinadarai ne da ke zubowa in tsoka ta ji rauni, mayogulobin yana riga tashi amma ko ciwon tsokar jiki yana ɗaga shi, don haka ban dogara da shi shi kaɗai. Haka in layin ya fito ma ban cewa bugun zuciya ne, mai ciwon ƙoda yana iya nunawa, kuma wanda ya yi ciwon satin da ya wuce zai iya ci gaba da nunawa har kwana goma ko fiye. Ku kuma 'yan lab ku lura da ajiyar kit, kwalin ya ce digiri 2 zuwa 30, mu kuwa a Afrilu ana haura 40, in ba wuta sito ya zama murhu.

Amma dai taga, taga ita ce abin. In ɗan'uwan mara lafiya ya tsare ni yanzu cewa nake, "Yi haƙuri ɗan'uwa, kai wa likita, kuma kar ku bar asibitin nan sai ya gan ku." Wasu su ji haushi su ce ina ɓoye musu. Rannan ɗan dattijon ya kawo shi gwajin suga, ya gaishe ni da fara'a har da godiya, na kasa haɗa ido da shi.