Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Yi wa Abba Ɗura

Makon jiya na tsaya a inda muka bar gidan haya na Sabuwar Unguwa muka koma gidan su maigidana a Ƙofar Ƙaura, bayan rasuwar mahaifinsu. Ɗana ya ci sunan marigayin, shi ya sa muke ce masa Abba. Shekararsa huɗu a lokacin, kuma abin da yake ci bai cika yatsun hannu ɗaya ba: farar shinkafa ba mai ba miya, biredi, ƙuli-ƙuli, sai shayi in ya huce.

A gidan haya ni da shi ne, ba mai ganin asirinmu. A babban gida kuwa yara bakwai ke zagaye tire ɗaya, tuwon masara miyar kuka da dare, ɗumame da safe. Daga an jefa daddawa a tukunya Abba zai toshe hanci ya ruga zaure. Idan miya ta taɓa gefen shinkafarsa, kwanon ya tashi aiki ke nan. Wata rana yauƙin kuɓewa ya ɗiga masa a bayan hannu, ya dinga yarfewa yana ihu kamar wuta ce ta ƙone shi.

Hajiya, uwar mijina, ta zuba ido mako guda sannan ta kira ni ɗakinta. "Ke kika sangarta yaron ga. Yunwa ce ba ta kama shi ba. Ku bar shi ya wuni, za ki ga aiki." Muka bar shi. Tun safe har isha'i ruwa kawai ya sha, yana kwance kan tabarma, tuwo na gabansa ko kallo bai ishe shi ba.

Washegari aka ce a yi masa ɗura. Ba zan ɗora wa kowa ba, da hannuna na yi. Facalata ta danne ƙafafunsa, na kwantar da kansa a cinyata, na tara tafin hannuna a bakinsa na zuba kunun gyaɗa, na matse hancinsa yadda na ga ana yi tun ina ƙarama. Ya ƙware. Kunun ya biyo ta hanci, idanunsa suka firfito, ya kelaya amai a zanena. Da na sake shi bai yi kuka ba, ya dai ja jiki ya shige bayan randa ya tsuguna. Kwana uku ko shinkafar ya ƙi karɓa daga hannuna, sai in babansa ne ya miƙa. Har yau in na tuna kallon da ya yi mini daga bayan randar nan ƙirjina zafi yake yi.

A rana ta huɗu na goya shi, duk girmansa, muka tafi asibiti. Aka naɗa masa igiyar awon nan mai launi uku a dantse. Ma'aikaciyar ta ce ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 rawaya. Abba a rawaya ya tsaya. Likitar yara ta ja fatar idonsa ta ga ta yi fari, gwaji ya nuna ƙarancin jini, ta rubuta maganin ƙarin jini. Sai ta shiga yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. Yana yarda da aski? Ya yake yi in an tada injin markaɗe? Yana taka yashi ba takalmi? Duk abin da ta ambata kamar a gidanmu take kwana.

Ta ce, "Maman Abba, ba taurin kai ba ne. Akwai yaran da ƙamshi da ƙara da laushin abu ke isa ƙwaƙwalwarsu da ƙarfi fiye da namu. Yauƙin da ke miki daɗi shi tayar masa da zuciya yake." Ta gargaɗe ni kan ɗura, cewa abinci na iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu ya haifar da ciwon namoniya. Ta ce nawa shi ne in zaɓi abincin da lokacinsa, nasa kuma ya ci ko ya bari, kuma sabon abu yaro kan gan shi sau 10 zuwa 15 kafin ya yarda.

Na shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin darbejiya, nesa da madafi. Kwano biyu: babba na shinkafarsa, ƙarami na baƙon abu, kada su haɗu. Minti 20 in ya wuce na ɗauke, ba faɗa ba roƙo, kuma na hana biskit tsakanin cin abinci. Tunda na gane mai ƙaras-ƙaras yake so, daga ƙuli-ƙuli na ɗauko hanya. Na daka shi na barbaɗa a gefen shinkafa. Sannan awara, na yanka ta siri-siri na soya har ta bushe.

Kwanakin farko ture kwanon yake yi da ƙafa. Daga baya ya fara taɓawa da yatsa, sai sansanawa. Rana ta goma sha uku ya lasa ya ajiye, can ya sake ɗauka ya gatsa. Na kau da kai kamar ban gani ba, hawaye na zuba cikin tsintar shinkafar da nake yi.

Ashe Hajiya na kallo daga ƙofar ɗakinta. Ba ta ce komai ba. Da la'asar sai ga almajirin gidan ya shigo da kwanon waken suya daga Babbar Kasuwa, ya ce Hajiya ce ta aike shi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin shigarsa islamiyya, da takardar da likitar ta rubuta mana zuwa wurin wani ƙwararre a Kano.